Tsagar Fuskata da ta Baiwar Darfur

Ina da tsaga a fuska, uku-uku a gefen baki da bille guda a kuncin hagu. Wanzami ya yi mini su ranar sunana, a ƙauyenmu na bakin kogi a ƙasar Sudan. Ni ce ta ƙarshe da aka yi wa a ɗakinmu, ƙannena duk fuskarsu sumul take. A can babu mai kallona sau biyu. Da aure ya kawo ni Madina kuwa, niƙabi ya rufe zancen, har nakan yi wata guda ban tuna da su ba.

'Yata ce ta tuna mini. Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce. Shekararta bakwai a lokacin, tana aji biyu a makarantar 'yan mata da ke bayan unguwarmu. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma amsa sai da Larabci, in ka ce mata zo nan ta ce maka ɗayyib, wato to. Wata rana aka kira ni in ɗauke ta saboda zazzaɓi. Na shiga cikin makarantar, tunda duk mata ne na ɗage niƙabi kamar yadda kowa ke yi. Yara suna wasa a fili, ɗaya ta nuna ni da yatsa, wasu suka taru. Ni ban ji abin da suka ce ba, ita ta ji.

Ba ta yi mini maganar ba sai bayan mako guda, ranar da aka ba su takarda cewa ƙarshen wata akwai taron iyaye mata. Ta miƙo mini takardar tana kallon ƙasa.

"Mama, in za ki je kar ki buɗe fuskarki."

"A cikin mata? Sai ka ce wadda ta yi sata?"

"To kar ki je. Sitti ta je."

Sitti ita ce kakarta, uwar mijina, wadda ni nake kira Hajja, gida ɗaya muke. Na ce me fuskata ta yi mata. Ta daɗe tana murza bakin rigarta, sannan ta ce yara sun ce bayi ake yi wa haka, wai iyayengijinsu ke tsaga musu fuska don kar su gudu. Har sun sa mata suna, 'yar baiwa. Da Larabci ta faɗi kalmar, ni ko da Larabcin ba na son maimaita ta.

Ni mace ce mai yawan fargaba, tun ina yarinya haka nake. In yaro ya yi tari sau biyu na fara tunanin asibiti. In mijina bai ɗaga waya ba sai in hango hatsari a hanyar Yanbu, don a can yake aiki a matatar mai, sai Alhamis yake dawowa. Amma wannan tsoron daban ne. Na ga yarinyar da na haifa tana jin kunyar a ce ni ce uwarta, kuma na san in abin ya zauna mata tun tana shekara bakwai, da shi za ta girma. Ga ni da cikin wata tara, ga karatuna bai wuce aji huɗu ba, me zan je in ce wa malamai? Abin da na iya ce mata kawai shi ne ƙarya suke yi. Ta ɗaga kafaɗa ta shige ɗaki. Ƙaryar ce kuwa, amma ban san ta inda zan kamo gaskiyar ba.

Bayan kwana goma na haihu, namiji, a wani asibiti can bayan iyakar Harami, inda wanda ba Musulmi ba ma ke iya aiki. Ya zo da shawara, idonsa ya yi rawaya, aka sa shi cikin kwalba a ƙarƙashin shuɗiyar fitila aka ce sai mun kwana huɗu. Mai kula da ɗakinmu da rana wata nas ce 'yar Filifin, gajera, ta girme ni sosai, kowa Sista yake ce mata. Ta daɗe a ƙasar nan, Larabcinta a karye yake amma yana kai saƙo, nawa kuma na Sudan ne, haka muka yi ta haɗa guntu da guntu.

Washegari da hantsi ta zo gwada mini jini, ina zaune ba mayafi. Ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta ɗago ta dube ni, sai na ga idonta ya ciko. Ta shafa kuncinta da yatsu uku.

"Wa ya yi miki wannan?"

Ban san yadda ake ce wa wanzami da Larabci ba, sai na ce wani mutum ne da aska.

"Kina shekara nawa?"

"Kwana bakwai."

Ta toshe baki da hannu. "Sudan?"

Na ce Sudan.

"Miskina," in ji ta, "miskina, miskina."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata yau ga wata kuma, na baro na yara a gida na zo na tarar da na manya. Na juya fuska bango. Ita kuwa sai ta zaro wayarta, ta ɓare rigar wayar, ta fito da ɗan hoto kamar girman akwatin ashana ta miƙo mini. Na ga mace baƙa ƙirin, da baƙin lulluɓi a ka, da wani abu rataye a ƙirji, na gane kayan addininsu ne. Na waiga ƙofa, don ina tsoron a shigo a gan ni da irin wannan a hannu. Na so in mayar mata nan take. Amma fuskar ta gida ce. Goshin nan, da yadda ta ɗan matse leɓe, wallahi sai ka ce gwaggona ce ta zauna aka ɗauke ta.

"'Yar ƙasarku ce," in ji Sista. "Waliyyiya ce a wurinmu. Ita ma an tsaga mata jiki."

Ba a zama ɗaya ta ba ni labarin ba, tana da marasa lafiya da yawa. Takan shigo ta duba fitilar yaron, ta faɗi kaɗan, a kira ta ta fita, ta dawo bayan azahar ta ɗora. Ni kuma ina kwance ina jiran ta dawo kamar mai jiran ci gaban tatsuniya, ina jin haushin kaina da jiran.

Ta ce a Darfur aka haife ta, tun zamanin da ake farautar mutane. Tana yarinya, kusan sa'ar 'yata, mahara suka sace ta a bayan gari. Suka kora ta a ƙasa ba takalmi, tafiya mai nisa, aka sayar da ita, wanda ya saya ya sake sayarwa, haka ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu. Tsabar firgita ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, har ta mutu ba ta tuna shi ba. Waɗanda suka sace ta ne suka laƙaba mata wani suna na Larabci, ma'anarsa mai sa'a.

"Wace sa'a?" na ce. "Allah ya isa."

Sista ta ce ita ma ta sha yin wannan tambayar.

Sannan ta zo kan yankan. A wani gida da aka sayar da ita, uwargidan ta kira wata mata da kwanon garin alkama, da kwanon gishiri, da aska. Aka zana mata zane da garin a ƙirji da ciki da hannu, aka bi zanen da aska, yanka sama da ɗari, aka cusa gishiri a ciki don tabon ya tashi sosai. Ba don ta yi laifi ba, don dai a san dukiyar gidan ce. Fuskarta kaɗai aka bari. Sista tana faɗa tana kallon gefen bakina, ta sake cewa miskina.

A nan na gane. Ba raini ba ne, kuskure ta yi, irin wanda yaran makaranta suka yi, sai dai su dariya suka yi, ita kuka. Ban san daga ina ƙarfin ya zo mini ba, na tashi zaune, ɗinki yana ja na.

"Sista, zauna. Tawa ba irin tata ba ce."

Na ba ta labarin da kakata ta ba ni, wanda ban taɓa ba kowa ba a Madina. Mutanenmu daga ƙasar Hausa suka taso da ƙafa za su Makka, suna tafe suna noma suna yada zango, shekara da shekaru. A wani zango aka sace kakar kakata a bakin rijiya, tana 'yar yarinya. Aka yi nema aka gaji, aka yi mata addu'a, ayari ya wuce. Bayan shekara biyu wani bafatake mai sayar da goro ya gan ta a wata kasuwa tana ɗauke da tulun wasu mutane. Yarinya ta manta Hausa, ya yi mata magana ba ta amsa ba. Amma ya ƙirga gefen bakinta, uku nan uku nan, ga bille a hagu, ya ce wannan 'yar gidan wane ce, na san zuriyarsu. Ya tara Hausawan kasuwar suka tsaya a kanta har aka sake ta, ya bi sawun ayari da ita ya damƙa ta a hannun uwarta. Daga cikinta muka fito, mu duka.

"Ita an yanka ta a inda riga ke rufewa, don a ce ta wani ce," na ce. "Mu a fuska ake yi mana, inda kowa zai gani, don in mun ɓata a san gidan da za a mayar da mu. Babana yana tsaye aka yi mini, an yanka rago, an yi guɗa."

Sista ta ƙirga tsagar gefen bakina da ido. Can ta ce, "Wato kamar iƙama?"

Iƙama ita ce katin zama da duk baƙo yake yawo da shi a ƙasar nan, wanda kullum muke fargabar ranar ƙarewarsa.

"Iƙama ce," na ce, "amma wadda ba a sabuntawa."

Ta yi dariya har ta dafa ƙarfen gado, ta ce ma'alesh, ma'alesh, in yafe mata, shekarunta nawa tana ganin mata masu irin wannan tana jin tausayinsu a banza. Ni ma na yi dariya, ɗinkina yana zafi. Na lura cewa tunda na zo garin nan, ranar ce na fara yin doguwar magana da Larabci ban ji kunyar bakina ba.

Sauran labarin ta ba ni washegari. Wani Bature ɗan Italiya ya sayi yarinyar a Khartoum, shi bai doke ta ba, da zai koma ƙasarsu ita ta roƙa ya tafi da ita. A can aka ba da ita ga wasu mutane tana yi musu renon 'ya. Da uwargidan za ta yi tafiya sai ta ajiye su, ita da 'yar, a gidan mata masu ibada, a wani gari da titunansa ruwa ne. Da ta dawo ta ce su tafi, baiwar ta ce ba za ta ba. Aka yi lallashi, aka yi barazana, ta ce ba za ta ba. Magana ta kai gaban alƙalai, suka duba suka ce a dokarsu babu wanda ya mallake ta, ta zaɓi inda take so. Ta zaɓi zama a gidan, ta shiga addininsu, daga baya ta zama sista.

"A wane asibiti ta yi aiki?" na tambaya.

Ta sake fashewa da dariya. Ashe sista iri biyu ce, akwai ta allura akwai ta ibada, waɗanda ba sa aure. Ita ta ibada ce. Shekara kusan hamsin tana dafa abinci, tana ɗinki, tana tsaron ƙofa. Yaran garin in za su shiga makaranta takan dafa kansu, mutanen garin suna kiranta baƙar uwarsu. Da tsufa ya kwantar da ita, cikin zafin ciwo sai ta ɗauka an mayar mata da sarƙa, tana roƙo a sassauta mata. Kuma wai duk da haka ta yafe wa waɗanda suka sace ta. Na ce nan kam ita ta iya, ni ban kai nan ba. Sista ta ce yanzu hotonta yana cikin majami'u a ƙasashe da yawa, akwai rana guda a shekara da suke tunawa da ita, kuma masu aikatau da aka yaudara aka kai su wata ƙasa aka riƙe musu fasfo, da masu ƙoƙarin ceto su, duk ita suke ɗauka uwa. Ta ce shi ya sa take yawo da ita a bayan waya, don ita ma ta bar 'ya'ya uku a gida ta zo aiki.

Ni Musulma ce, ba na roƙon kowa sai Allah, kuma na gaya wa Sista haka, ta ce ta sani. Addininsu daban namu daban, makomar kowa kuma Allah ne masani. Amma ba zan ɓoye ba, da na ji wurin nan da ta tsaya gaban alƙalan Turawa ta ce ba za ta ba, sai da tsigar jikina ta tashi. Yarinyar ƙasarmu, baƙa kamata, ba uwa ba uba, ko sunanta ba ta da shi, ta buɗe baki ta ce a'a, kuma a'ar ta zauna. Ni ga ni da suna da dangi da tsagar gida, ina tsoron 'yan aji biyu.

Ranar da aka sallame mu, a cikin tasi na ba Hajja labarin. Ta saurara tana jan carbi, fuska a ɗaure.

"Ke yanzu haihuwa kika je ko karatun waliyyan Nasara? A garin Manzo? Namu sun ƙare ne? Ga maƙabartar Baƙi'a nan cike da su."

"Hajja, ni ba roƙonta zan yi ba. 'Yar ƙasarmu ce."

"To wa ya sayar da ita?"

Ni ma tambayar tana damuna tun a asibiti.

"Masu salla ne ko?" in ji ta.

Na ce haka aka ce.

Ta daɗe tana kallon titi, har muka wuce shagunan dabino, sannan ta ce, "Allah ya isar mata. Sun sayar da 'yar mutane, sun kuma sayar da ita daga addinin." Da muka kusa gida ta ƙara da cewa, "Amma in za ki ba ƙawata labari, ki gaya mata ladanin Manzo na farko ma baƙi ne kuma an bautar da shi, a garin nan ya yi kiran salla. Kar ta ɗauka su kaɗai ke da irin su."

Ƙawarta ita ce 'yata, haka suke kiran juna in ba faɗa suke ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar, na fito daga wankan jego jikina yana tururi, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna zan yi mata kitso. Na zaɓi lokacin ne don ba ta ganin fuskata, ni ma ba na ganin tata. Hajja tana gefe tana dama kunun kanwa. Na fara da baiwar Darfur, don na san in na fara da kaina za ta toshe kunne. Na ce akwai wata yarinya sa'arki, ita baiwa ce ta gaske. Na ji wuyanta ya sandare a hannuna. Na ci gaba. Ban faɗi adadin yankan ba, amma na faɗi gishirin.

"Ta manta sunanta?" ta tambaya da Larabci. "Yaya mutum zai manta sunansa?"

"Tsoro ne. Kuma babu mai kiranta da shi."

Da na kai wurin alƙalai ta waigo, na mayar da kanta. Ta ce to da aka sake ta me ya sa ba ta koma gida ba? Na ce ba ta san hanyar ba, ba ta san sunan da za ta tambaya ba. Na ce daga baiwar mutane ta koma baiwar Allah, kuma yau waɗanda suka saye ta babu wanda ya san kabarinsu, ita kuwa har a ƙasar su Sista an san fuskarta. Don haka ko da a ce gaskiya ne ni baiwa ce, abin kunyar yana kan mai askar, ba kan wadda aka yanka ba. Sannan na ba ta na rijiya da bafatake mai goro. Hajja ta sako nata na ladani a tsakiya, ba ta jira na gama ba.

Ina kan kitso na biyar yarinya ta ɗan juyo. Sai ta ce, wannan karon da Hausa, a karkace, "To ni ba ni da shi. Kuma ke ba kya kiran sunana. In an sace ni yaya za a gane ni?"

Ko a wasa ba na son jin irin wannan. Hajja ce ta cece ni.

"Ke? Da wannan bakin naki? Kwana ɗaya za ki yi ɓarayin su dawo da ke da kansu, har da ban haƙuri."

"Sitti!"

"Ƙarya na yi? Su haɗo mana da kwalin dabino ma, don mu yarda mu karɓe ki."

Ta yi dariya ba ta so ba. Amma ba ta ce komai a kan taron ba, ni ma ban tambaya ba. Kwanakin da suka biyo baya na yi ta satar kallonta. Wani lokaci in ina shayar da ƙaninta sai in ga ta zuba wa bakina ido, in mun haɗa ido ta kawar. Ban san ko ƙirgawa take ko ƙyama ba. Ga shi kuma ina da hujjar zama a gida wadda babu mai musu da ita, mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ni kuwa ko kwana ashirin ban cika ba. Hajja ta riga ta goge abayarta. Na ce wa kaina shi ke nan, Allah ya kawo mini mafita, amma raina bai kwanta da mafitar ba.

Ranar taron da safe ta daɗe a banɗaki har na fara buga ƙofa ina tunanin ko ta zame ta faɗi. Ta buɗe ta fito cikin rigar makaranta. Ta ɗauki kwallina ta ja wa kanta layuka tun daga gefen baki har kusa da kunne, a kowane kunci sun fi shida, wasu a miƙe wasu a karkace.

Hajja ta ajiye kofin shayi ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Yaushe muka haɗa zuri'a da Gobirawa? Ƙawata, kin bar gidanku kin shiga gidan wasu. In kika ɓata yau, Gobir za a kai ki."

"Uku ne kawai," na ce. "Uku nan, uku nan, gajeru. Sai ɗaya a nan."

"Na ga kamar in sun yi yawa sun fi kyau," in ji ta.

Na jiƙa tsumma na durƙusa ina goge mata, na ce makaranta ba za su bar ki da wannan ba, kuma yanzu ba a yi wa yara, ko ƙaninki ba za a yi masa ba. Ta tsaya cak ina gogewa, kwalli yana baje mata a kunci. Da na gama ta dubi tsumman, ta dube ni.

"To ke ki zo da naki."

Na waiga wajen Hajja. Ta ce mai jego ba ta fita, ta maimaita, sannan ta ce amma tunda asibiti ma fita ce kuma an yi ta, in sa safa in rufe ƙirjina da kyau, in dawo kafin yaron ya farka, kuma in ɗanta ya tambaya ita ba ta ga fitata ba.

Muka tafi a ƙasa, ba nisa. A bakin ƙofar ciki, inda mata ke cire niƙabi, sai da na yi bisimilla sau uku na ɗage. An kalle ni, ba zan ce ba a kalle ni ba. Wata uwa ta taɓa ta kusa da ita, yaran nan ma na gan su a jikin bango suna raɗa. 'Yata ba ta riƙe hannuna ba, gaba ta yi ta bar ni ina bin ta har cikin aji, na ɗauka guduna take. Sai ta tsaya gaban teburin malamarsu ta jira na iso, ta nuna ni, ta ce da ƙarfi yadda na bayan aji za su ji, "Abla, wannan ce mamata."

Malamar ta miƙe ta ba ni hannu, ta ce mabruk da jin an samu ƙaruwa. Na zauna a kan ƙaramar kujera, gwiwoyina suna karo da tebur. Duk abin da aka faɗa a taron rabinsa ban fahimta ba. Ina dai jiyo 'yata a bayana tana yi wa wata yarinya bayani da Larabci cikin sauri, ta cakuɗa komai, wai kakar kakarmu ce ta je Italiya ta kayar da alƙalai, mai goro kuma ya yi kiran salla. Na so in juya in gyara mata, sai na bari sai mun koma gida.